Sanƙarau da ƙwayoyin B: tarihin allurai biyu a ƙasar Damagaram

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin dalilin da ya sa tsohuwar allurar sanƙarau ta kasa tsayar da annoba, sabuwa kuwa ta yi nasara. Tirmini da sauran garuruwan Damagaram suna cikin zirin sanƙarau da likitan Faransa Lapeyssonnie ya shata a 1963, inda cutar kan taso da hunturu, ta tsananta da bazara, ta lafa idan ruwa ya sauka. A annobar 1996 zuwa 1997 kimanin mutum 250,000 suka kamu a Afirka, wajen 25,000 suka rasu.

Amsar tana cikin jini. Ƙwayoyin B, waɗanda ake haifa a ɓargo, su ne ke ƙera makaman da jiki ke kama ƙwayar cuta da su, wato antikor. Amma ba sa girma ko aiki sai da umurni, kuma wasu furotin ne ƴan aiken da ke kai umurnin. A 1952 likita Ogden Bruton na Amurka ya bayyana wani yaro da jininsa ba shi da antikor. Sai a 1993 aka gano cewa furotin guda, BTK, ke da naƙasa a irin waɗannan yara: saƙo ba ya isa, ƙwayoyin B sai su tsaya suna ƙanana. A shekarar ce kuma aka tabbatar da muhimmancin wani saƙon, wanda ƙwayar T ke miƙa wa ƙwayar B ta hanyar CD40. Da shi ne ƙwayar B ke inganta makaminta, ta kuma bar zuriya mai tuna abokin gaba shekara da shekaru.

Tsohuwar allura, wadda Emil Gotschlich da abokan aikinsa suka samar a ƙarshen shekarun 1960, sukarin da ke lulluɓe ƙwayar cutar ne zalla. Ƙwayar T kuwa furotin take ganewa, ba ta amsa kiran sukari. Saboda haka saƙon CD40 ba ya zuwa, kariya ba ta daɗewa, balle ga ƙananan yara. Shi ya sa akan jira annoba ta ɓarke sannan a fita allura, bayan an riga an yi asarar rayuka.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka ƙaddamar da wani shiri, kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa MenAfriVac. Dabarar ita ce ɗaure sukarin da furotin ɗin allurar tetanos. Ƙwayar B ta haɗiye su tare, ta nuna wa ƙwayar T guntun furotin, ita kuma ta ba ta saƙon. An fara allurar a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010 ga ƴan shekara 1 zuwa 29, sanƙarau nau'in A ya kusan ɓacewa.

Sai dai kowace ƙwayar B abu guda ta sani. Nau'in C ya tayar da annoba a Nijar a 2015, ya sake ɓulla a jihar Damagaram daga ƙarshen 2022. A 2023 Hukumar ta amince da allurar Men5CV mai nau'i biyar bisa wannan dabara. Abin da muke ganin ya rage shi ne ta isa ga yaran ƙauyukan Tirmini kafin hunturu.