Sauyin Tsarin Cikin Roba Yayin Ja: Nazari a Kan Igiyar Tub a Boɗinga da Shagari

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke faruwa a cikin roba mai laushi idan an ja ta, bisa misalin igiyar da ake yankowa daga tsohon tub ɗin taya. An rarrabe sauyin da ke komawa da wanda ba ya komawa, domin na biyun ne ke cinye igiyar.

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ta Boɗinga da Shagari ya ga buhunan albasa ɗaure a bayan babur da baƙar roba. Masu noman rani na kusa da madatsar ruwan Shagari ma da ita suke naɗe mahaɗar tiyo da bakin injin ban ruwa. In ta saki sai a ce "robar ta mutu", a ɗora laifin a kan rana. Rana na da hannu, amma ba ita kaɗai ba.

Tsarin cikin roba

Tun 1920 Hermann Staudinger ya bayyana cewa roba dogayen sarƙoƙin ƙwayoyin sinadari ce. A zaune, sarƙoƙin a cukurkuɗe suke kamar zaren da kaji suka tattake, ba layi ba tsari, kuma kullum cikin motsi suke, domin sai sanyi ya kai wajen digiri 70 ƙasa da sifili suke sandarewa. Farar wutar da ake dafa robar da ita, dabarar da Charles Goodyear ya gano a 1839, ita ke ƙulle su nan da can.

Da an ja, sarƙoƙin sai su miƙe su fuskanci gefe guda. Mai karatu na iya gwadawa: ya fizge siririyar roba da sauri ya ɗora a leɓe, zai ji ɗumi, ya sake ta, zai ji sanyi. John Gough ya rubuta wannan a 1805. A 1925 J. R. Katz ya haska robar itace da hasken eksire tana miƙe, ya ga wasu sarƙoƙin sun jeru sun zama ƙananan kiristal. Wannan jeruwa takan soma idan tsawon ya kai kamar ninki huɗu, ita ce kuma ke tare tsaga ta hana ta ci gaba. Da an saki, kiristal ɗin ya narke.

Abin da ba ya komawa

Nan ne ya kamata a fi zuba ido. Robar tub cike take da baƙin garin kabon, kuma jan farko yana ɓamɓare wasu sarƙoƙi daga jikinsa, shi ya sa ja na biyu ya fi sauƙi. Leonard Mullins ya yi nazarin wannan a ƙarshen shekarun 1940. Idan kuma aka bar igiya ɗaure kwana da kwanaki, sarƙoƙin kan zame a hankali, ɗaurin ya yi sako-sako.

Zafin Afrilu, da kan haura digiri 40 a yankin, yana gaggauta zamewar, yana kuma rage jeruwar da ke kare robar. Iskar ozon tana yanka sarƙoƙin da ke miƙe, abin da ya sa tsagar tsohuwar igiya kan fito a gicciye, ba a tsaye ba. Tub ɗin robar butil, wadda aka ƙirƙiro a 1937, ya fi jure wannan iska nesa ba kusa ba. Igiyar da aka kwance da yamma aka ajiye a inuwa, to, ta tsira daga zamewa da yankan ozon na tsawon dare.