Tarihin Masu Gadin Ƙwaƙwalwa

TAMBAYA: Masu sauraronmu daga Kiru da Bebeji, da wani ɗan kasuwa daga Tudun Wada, sun aiko suna cewa: an ce abin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ba ya farfaɗowa, to yaya wanda ɓarin jikinsa ya shanye yakan tashi ya taka bayan wasu watanni?

AMSA: To jama'a, wannan tambaya sai mun koma baya kaɗan. Tun a shekarar 1658 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Johann Wepfer, ya nuna cewa ciwon daga jijiyar jini yake, ko ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. Ba bugun iska ba ne.

A 1856 kuma Bajamushen nan Rudolf Virchow ya lura da wani abu da ke cike tsakanin ƙwayoyin da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa. Ya sa masa suna giliya, watau danƙo a harshen Girka, don a ganinsa laka ce kawai mai riƙe tubala. Wannan suna kuwa ya cuce su, aka daɗe ana kallonsu kamar 'yan rakiya. A 1919 ne wani masani ɗan Sifen, Pio del Rio Hortega, ya bayyana wasu ƙanana daga cikinsu, waɗanda aikinsu shi ne kwashe gawar ƙwayoyin da suka mutu.

Yau an san cewa idan jini ya yanke, wasu giliya masu siffar tauraro sukan tsotse wani sinadari mai suna gulutamet, wanda in ya yi yawa yakan kashe ƙwayoyin da ke maƙwabtaka. Sa'an nan su kewaye wurin da ya lalace, kamar yadda manomi ke share gefen gona don kada wutar daji ta ci amfani. A 2016 masu bincike a birnin Boston na Amurka sun ga a jikin ɓeraye cewa har 'yan injinan ƙarfinsu suke miƙa wa ƙwayoyin da suka galabaita. Abin da ya tsira shi ke koyon aikin wanda ya mutu, shi ya sa ake matsa wa majinyaci da motsa jiki.

Amma fa ƙarfin masu gadin nan yana da iyaka. Maganin narkar da gudan jini ana ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Daga Doguwa zuwa Asibitin Malam Aminu Kano tafiya ce mai nisa, saboda haka da zarar baki ya karkace ko hannu ya saki, a nemi mota, kada a jira gari ya waye.