Wa Ya Biya Kuɗin Digirin Digirgir a Najeriya?

A 1964 Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirin digirgir, kuma cikin waɗanda suka fara karɓa akwai Murray Last, ɗan Ingila da ya zauna a Sakkwato yana bin takardun gidan Waziri Junaidu. Baƙo ne ya tako neman ilimin a nan, domin a nan kayan aikin suke. Malaminsa Abdullahi Smith ya koma Zariya da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya sa aka dinga bin zaurukan malamai ana ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen Larabci, sannan a 1970 ya kafa Arewa House a gidan Sardauna da ke Kaduna. Daga wannan rumbu Yusufu Bala Usman ya rubuta kundinsa kan tarihin Katsina, ya kammala a 1974. Tarihin da ya biyo baya ya nuna cewa kuɗin da aka zuba a sashen jami'a, da laburarensa da malamansa masu duba kundi, ya fi wanda aka kashe wajen ɗora mutum ɗaya a jirgi zuwa karatu waje daɗewa.

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya gwada hakan ta mummunar hanya. Naira ta faɗi, laburare suka daina sayen mujallun bincike, albashin farfesa ya kasa kai shi ƙarshen wata, manyan malamai suka watse zuwa Saudiyya da Amurka da kudancin Afirka. Ɗalibi kan shekara da shekaru yana jiran mai karanta masa babi guda. Magani bai zo daga masu ba da tallafi na ƙetare ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 1992 ne, lokacin shugabancin Attahiru Jega, ya haifi dokar 1993 da ta ɗora harajin kashi 2 cikin ɗari kan ribar kamfanoni, ana zuba shi a asusun da ya zama TETFund a 2011. Sai dai da asusun ya fara ɗaukar nauyin karatun malamai a 2008, kaso mai tsoka ya bi su Ingila da Malesiya, ana karɓar haraji da naira ana biyan makaranta da fam da dala. Da naira ta sake rugujewa a 2023 lissafin ya ƙi fita, asusun ya dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025, yana kuka da tsada da kuma waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa. Kuɗin irin waɗannan kam ya bi ruwa.

Za a ce misalin Zariya na masana tarihi ne, su da takarda da alƙalami sun wadatar, mai binciken ƙwayoyin cuta kuwa sai da na'ura da wutar da ba ta ɗaukewa. Gaskiya ne, amma wannan hujja ce ta sayen na'urar, domin ɗalibai da yawa za su yi aiki da ita bayan na farko ya gama. Za a kuma ce zaman gida na sa ilimi ya yi tsami, malami ya yaye ɗalibi, ɗalibin ya gaje kujerarsa da kurakuransa. Wannan ƙorafi ya fi nauyi, kuma ana ganinsa a sassa da dama. Amma haɗin gwiwa ba lallai ya zama ƙaura ba. Cibiyar Binciken Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda ta shiga shirin Bankin Duniya na tallafa wa cibiyoyin bincike a 2014, a Kano take yaye ɗalibai, har da 'yan maƙwabtan ƙasashe, tana aiki da cibiyoyi irin su ICRISAT. Rauninta kawai shi ne kuɗin shirin bashi ne mai wa'adi, kuɗin TETFund kuwa daga haraji yake shigowa kowace shekara.