Harsashin darma da ma'auninsa: Daga bindigar toka zuwa ta zamani

Harsashin darma shi ne ɗan curin da ake samu idan an narkar da darma an zuba a mazubi ta daskare. A gabashin Kano, kamar Toranke ta Ƙaramar Hukumar Ajingi da ƙauyukan Gaya, an fi saninsa a hannun maharba masu bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka ko harba-ka-ruga, musamman bayan kaka idan farauta ta kama. Ƙira tsohuwar sana'a ce a yankin, domin tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dala neman tama, daga Gaya suka taso. Bindiga kuwa baƙuwa ce a kan ƙira: an ce Sarkin Kano Babba Zaki (1768–1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada.

Abu uku suka fifita darma. Ta fi baƙin ƙarfe nauyi nesa ba kusa ba, tana narkewa a zafin digiri 327 kacal, wanda garwashin gawayi ya isa ya kai, sannan tana da laushi. Wannan laushin ne ke ba da damar rage mata kauri.

Batun kaurin shi ne ƙashin bayan sana'ar. Cikin bututun bindigar toka sumul yake, kuma ta baki ake ɗura ta, don haka dole harsashi ya ɗan gaza faɗin ramin. Idan ya yi sako-sako da yawa, ƙarfin albarushi ya sulale ta gefensa, harbi ya baude. Idan ya matse ya maƙale a tsakiya, ƙarfin ya rasa mafita ya koma kan bututun. Da yake yawancin waɗannan bindigogi ƙirar gida ce, da bututun da ba a gwada juriyarsa ba, mai harbin ne ke fara jin jiki: yatsu, fuska ko ido. Cusa guntayen ƙarfe a madadin darma, kamar yadda wasu ke yi don sauƙin kuɗi, ƙara haɗarin yake yi.

Turawa ma sun sha fama da wannan matsala lokacin da suka fara yin bututu mai zanen murɗiya a ciki, wanda ke sa harsashi ya riƙa juyi yana tafiya saiti. Irin wannan bututu yana son harsashi mai cika shi, amma ɗura mai cikawa ta baki aiki ne ja. A 1849 wani hafsan sojan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya fito da harsashi mai rami a gindi: yana shiga cikin sauƙi, fashewar albarushi kuma ta buɗa gindin ya kama zanen.

A yau, a ƙasashe irin su Amurka inda doka ta yarda mutum ya sake cika kwanson harsashinsa, masu zuba darma a gida kan tura kowane harsashi ta wani zoben ƙarfe mai ƙayyadadden rami, ya fito da kauri iri ɗaya. Ragin ɗan mitsitsi ne, da kason dubu na inci ake ƙirga shi. Idan aka zarce, harsashin ya lanƙwashe, tsagogin da ke riƙe mai su shafe, darma ta riƙa maƙalewa a bututu.

Wanda bai taɓa riƙe bindiga ba ma abin ya shafe shi, domin darma guba ce. Ƙurarta da ɓurɓushin da ke saura a naman daji duk suna shiga jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da aka sani mara illa ga jiki. Wanda ya tuna yara sama da 400 da gubar darma ta kashe a Zamfara daga 2010, ko da yake daga haƙar zinare ta fito, ba zai so a narka ta a tsakar gidan da yara ke rarrafe ba.

Ta fuskar shari'a, Dokar Bindigogi ta 1959 ta ɗora lasisin bindigar da ake ɗurawa ta baki a kan Kwamishinan 'Yan Sandan jiha, na bindigar farauta mai kwanso kuma a kan Sufeto Janar. Ƙera bindiga ko harsashinta ba da izinin hukuma ba laifi ne, ko da gado mutum ya yi.