Tarihin Mutum-mutumi Mai Kama da Ɗan Adam

Mutum-mutumi mai kama da ɗan Adam na'ura ce da ake ƙera wa kai da hannuwa da ƙafafu, a kuma sa mata kwamfutar da za ta motsa ta, ta sa ta magana. Mutane da yawa sun ɗauka Turawa ne kaɗai suka yi wannan aiki a da, alhali ya daɗe a ƙasashen Musulmi ma. A 1206 Isma'il al-Jazari, injiniyan fadar sarakunan Artuƙawa a Diyarbakir ta Turkiyyar yau, ya kammala littafinsa kan na'urori. A ciki ya bayyana wani bara na ƙarfe mai zuba wa sarki ruwan wanke hannu, ya kuma miƙa masa tawul. Nauyin ruwa ne ke juya shi, ba lantarki ba.

Japan ce ta ɗauki ragama a zamaninmu. Jami'ar Waseda ta fito da WABOT-1 a 1973, sannan Honda ta ƙera ASIMO a 2000, wanda ke hawa matakala. Tun a 1970 wani masani ɗan Japan, Masahiro Mori, ya lura da wani abu: mutane na son na'urar da ta ɗan yi kama da su, amma idan kamar ta yi yawa ba ta kuma cika ba, sai tsigar jikinsu ta tashi. Har yau wannan tsoro bai gushe ba.

Mutum-mutumin Sophia, ta kamfanin Hanson Robotics da ke Hong Kong, ita ta fi tayar da ƙura. A watan Oktoban 2017 ta tattauna da Amina Mohammed, mataimakiyar Babban Sakatare, a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a watan ne Saudiyya ta ba ta shaidar zama 'yar ƙasa. Nan take jama'a suka fara tambaya, yaya za a ba ƙarfe abin da baƙin ma'aikatan da suka yi shekara da shekaru a ƙasar ba su samu ba? Tambayar tana bisa hanya. Masana kuma sun ce fuskarta ta fi basirarta nisa.

A Najeriya, kamfanin Uniccon ya ƙaddamar da Omeife a Abuja a Disamban 2022, mai siffar mace, wadda aka ce Hausa na cikin harsunan da take ji. A shekarar ne kuma wani saurayi ɗan shekara 17 a Kano ya haɗa nasa da bututu da wayoyi da kwali, yana kwaikwayon motsin hannun mai sarrafa shi.

A ƙasar Hausa damuwar ta kasu biyu. Wasu na tambayar malamai hukuncin suranta abu mai rai, wasu kuwa tsoronsu kada na'ura ta raba su da abincinsu. Duk biyun sun cancanci a saurare su. Sai dai manomin albasa a Aliero da maƙerin Jega, a jihar Kebbi, ba fuskar roba ce buƙatarsu ba. Na'urar da za ta hana amfanin gona ruɓewa, ta rage wahalar zuga da guduma, ita suke jira. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero tana tsakiyarsu, kuma daga nan ya kamata ɗalibanta su fara.