Gwani a Zauren Jami'a: Matsayin Masu Sana'a da Gidajen Tarihi Wajen Koyar da Fasaha

Gabatarwa

A shekarar 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa na dakta. Baiwar Allahn nan ba a aji ta koyi ginin tukwane ba. A ƙauyen Kwali ta taso da sana'ar a hannun danginta mata, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Da wannan karramawa jami'a ta amsa cewa abin da ke hannun gwani ilimi ne. Wannan maƙala tana kare ra'ayin cewa amsawar ba ta cika ba, sai ranar da magini da marini da baduku suka sami gurbi tabbatacce a manhajar fasaha, gidan tarihi kuma ya zama ajin da ake shiga kowane mako.

Darasin Zariya

Muhawarar ba sabuwa ba ce. A 1958 wasu ɗaliban Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama jami'a a 1962, suka kafa ƙungiya don nuna rashin gamsuwa da manhajar da aka kwafo daga Ingila. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Matsayarsu ita ce a karɓi dabarun zamani, a dasa su a kan gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, ya gina makarantar tunani a kansa a Nsukka. Akasarin waɗannan ɗalibai daga Kudu suka zo, kuma kowa gidansu ya waiwaya. Aikin da ya rage mana shi ne mu yi wa zayyanar ƙasar Hausa irin wannan hidima, mu mai da ita tushen nazari.

Sana'a ɗaya, hannaye da yawa

Jami'o'in duniya suna alfahari yau da karatun zayyana mai haɗa fannoni. Makarantar Bauhaus da aka buɗe a Jamus a 1919 ta fara ne da sanya malamai biyu a kowane ɗakin aiki: ɗaya mai zane, ɗaya mai sana'ar hannu. Wanda ya san yadda babbar riga take samuwa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Masaƙi ya saƙa ƙyalle, marini ya tsoma shi a baba, mai zane ya fitar da aska takwas, maɗinki ya bi da allura, sannan mabuga su fito da sheƙinsa. Kowannensu yana aiki da sanin abin da na gaba da shi yake bukata. Dagin da ke jikin rigar shi ne a bangon soro, shi ne a jakar baduku.

Gini ya fi nuna wannan haɗuwa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 darasi ne na lissafin nauyi da sanin ƙasa da ƙawa a lokaci guda. Ɗalibin da ya tsaya ƙarƙashin bakan gizo irin nasa, ya fahimci yadda ake jera azara a ɗaure ta cikin laka har ta ɗauki rufi, ya koyi abin da injiniya da mai zane suke rabawa tsakaninsu. Gadon kuma bai mutu ba: masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Gidan tarihi a matsayin aji

Kayan koyarwar suna kusa. Akwai Gidan Makama a Kano, akwai marinar Ƙofar Mata da har yanzu ake aiki a cikinta. A Jos, inda Bernard Fagg ya kafa gidan tarihi a 1952, an gina kwafin masallacin Zariya a sashen gine-ginen gargajiya. Gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya ware wa masu sana'a rumfuna, suna aiki a idon baƙi. Ziyarar yini ɗaya ba ta isa ba. Kamata ya yi ɗalibi ya ɗauki abu guda, ya auna shi, ya zana shi, ya nemi wanda ya iya yin irinsa, ya gwada da hannunsa, a kuma ba shi maki a kan haka.

Ƙalubale

Za a ce gwani ba shi da takardar da dokar jami'a ta gindaya, kuma sana'ar gado tana da sirrin da ba a faɗa wa bare. Duka biyun gaskiya ne. Maganin na farko shi ne a ƙirƙiri muƙamin gwani mai koyarwa, da albashi da mutunci, yana aiki tare da malamin sashe. Na biyu kuwa amana ke warware shi: a rubuta sunan gwani a kan iliminsa, a biya shi haƙƙinsa. Akwai kuma iyayen da ke gudun wannan fanni saboda batun surar mai rai. Manhajar da ta ba zayyanar Alƙur'ani da saƙa da gini muhimmanci za ta nuna musu faɗin fagen.

Kammalawa

Mafi tasiri cikin ɗaliban fasaha su ne waɗanda za su koyar a firamare da sakandare. Malamin da ya taɓa yin tubali, ya ji warin baba a karofi, zai iya nuna wa ɗan marini cewa aikin mahaifinsa abin nazari ne. Gwanayen da suka rage suna tsufa, kuma da yawa daga 'ya'yansu sun kama wasu hanyoyin. Sashen da ke son cin moriyarsu ya gayyace su tun suna da ƙarfin riƙe kayan aiki.