Tarihin Yankin Sifa a Nahawun Hausa, da Shaidar Sunayen Garuruwan Tasawa da Mayahi

Nahawun Ingilishi yana kasa jimla yanki biyar: yankin suna, yankin aikatau, yankin sifa, yankin bayanau, da yankin harafi. Haka Randolph Quirk da abokan aikinsa suka shimfiɗa shi a cikin babban nahawunsu na 1972. A wannan harshe sifa aji ce mai yalwa, ita ce kan yankinta, kalmar ƙarfafawa kan zo gabanta, kuma a jikinta ko a gefenta ake nuna fifiko. Tambayar da ta daɗe tana gaban manazarta ita ce ko wannan ma'auni ya dace da Hausa.

Tun kafin zuwan Turawa malaman zaure suna da nasu ma'auni. Ajurrumiyya, littafin Ibn Ajurrum na Fas wanda ya rasu a 1323, ya kasa magana gida uku: suna, aiki da harafi. A wannan tsari sifa ba ta da gida na kanta, suna ce mai bin wani suna.

Bayanin Turawa ya amfana da bakin mutumin wannan ƙasa. Heinrich Barth ya ratsa Tasawa a watan Janairu na 1851, kuma da ya koma Ingila a 1855 ya tafi da Dorugu, ɗan Dambanas ta kusa da Kance. Da taimakon Dorugu J. F. Schön ya wallafa nahawunsa a 1862. Delafosse ya biyo baya a 1901, sai Landeroin da Tilho a 1909. Dukansu sun zo da azuzuwan kalmomi irin na harsunan Turai, suka nemi takwarorinsu a Hausa.

Abin da aka tarar shi ne sifofin asali kaɗan ne: babba, ƙarami, sabo, tsoho, dogo, gajere, fari, baƙi, ja, da ƴan kaɗan makamantansu. Suna da jinsi da jam'i kamar suna, suna kuma ɗaukar mahaɗi kamar suna: farin doki, farar akuya, fararen tumaki. Sauran aikin da sifa ke yi a Ingilishi, Hausa ta ɗora shi bisa wasu hanyoyi. Ana cewa buhu mai nauyi, rijiya maras zurfi, ko buhun yana da nauyi. Fifiko kuwa aikatau ke ɗauke da shi: gero ya fi dawa tsada. F. W. Parsons ya yi bayanin sunaye irin su nauyi, zurfi, zafi da ɗaci a 1955, ya nuna aji ne na musamman da ke da siga tasa.

Sauyi na gaba ya zo bayan 1957, lokacin da littafin Chomsky ya sa aka mai da hankali ga yanki fiye da kalma ɗaya. M. K. M. Galadanci ya rubuta kundin digirinsa a Landan a 1969 bisa yankin suna na Hausa, ya kuma wallafa gabatarwar nahawu a 1976. Daga nan Hausawa suka shiga bayyana harshensu cikin harshensu, kamar Jinju a 1980 da Bagari a 1986, har aka tattara keɓaɓɓun kalmomin fannin a 1990 ƙarƙashin jagorancin Dalhatu Muhammad. Manyan nahawun Newman na 2000 da Jaggar na 2001 sun amince da sifa a matsayin aji, tare da nuna kusancinta da suna.

Yankin sifa yana nan a Hausa, amma gininsa dabam ne. Mai ƙarfafawa bayan sifa yake zuwa, sau da yawa amsa-kama ne da ya keɓanta da ita: fari fat, baƙi ƙirin, sabo ful. Idan yankin ya yi tsawo sai ya koma bayan suna. Ana cewa farar riga, ana cewa riga fara fat, ba a jera fara fat gaban riga.

Taswirar Tasawa da Mayahi shaida ce. Claude Gouffé ya nazarci sunayen ƙauyukan yankin Maraɗi a 1967. Mairairai ta Mayahi da Maijirgi ta Tasawa an gina su da mai da suna, wato hanyar da Hausa ke siffantawa ba tare da sifa ba. Sarkin Hausa da Gidan Amumun suna ne haɗe da suna. Hawandawaki sunan aiki ne da abin da aikin ya faɗa wa. Ginin sifa da suna, irin na Sabon Mashi ta Dakoro, da mahaɗi ɗaya yake tafiya da na Sarkin Hausa.

Wannan tarihi yana da nauyi ga masu tsara yaƙi da jahilci. Taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, da dokar rubutu ta Nijar ta 1999 sun daidaita haruffa da rabon kalmomi. Daidaita bayanin jimla aiki ne dabam. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973, yaro a irin waɗannan makarantu yana koyon nahawun Hausa kafin ya ƙetara zuwa na Faransanci, wanda shi ma sifofinsa suna da yawa kamar na Ingilishi. Littafin da ya kwaikwayi tsarin waɗannan harsuna zai ba sifofi goma sha babi guda, ya bar mai, da maras, da fi, da amsa-kama a gefe, alhali su ne manomin Korgom ko na Kanembakashe ke siffanta gonarsa da hatsinsa da su.

Saboda haka ya kamata babin siffantawa ya fara da aikin da ake son yi, sa'an nan ya jero hanyoyin da Hausa ke bi ta yi shi, da misalai daga kasuwa, da gona, da sunayen garuruwan masu karatu. Bayan wannan ne kwatanci da Faransanci ko Ingilishi zai yi amfani, domin ɗalibi ya riga ya san abin da yake kwatantawa.